Wayar Hannu a Aikin Lafiya na Ƙauye: Abin da Ƙasar Ruwanda Ta Gwada

Masu aikin asibiti sun ce idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, ba a kuwa tsai da shi ba, tana iya rasuwa cikin sa'a biyu. Sa'a biyu ba wani lokaci mai yawa ba ne a ƙauye. Kafin tsohuwar da ke karɓar haihuwa ta yarda abin ya fi ƙarfinta, kafin a nemo maigida daga gona, kafin a sami mai mota a daidaita kuɗi, rabin lokacin ya riga ya tafi. Sauran rabin kuma hanya ce za ta cinye shi.

A shekarar 1994 waɗansu masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka nuna cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa. Na fari, jinkirin da ake yi a gida kafin a yanke shawarar zuwa asibiti. Na biyu, jinkirin hanya. Na uku, jinkirin da ake yi a asibitin kansa kafin a duba mace a yi mata abin da ya kamata. Duk wanda ya yi aiki a karkara ya san waɗannan uku, ko da bai taɓa jin sunan masanan ba.

Tun da aka kawo wayar hannu Nijeriya a shekarar 2001, ta shiga ƙauyuka har wuraren da wutar lantarki ba ta kai ba. Da ita manomi ke tambayar farashin wake a kasuwa, da ita ake sanar da rasuwa da haihuwa. Saboda haka mutane suna tambayarmu, shin ba za a iya ba ma'aikatan lafiya na ƙauye wayoyi a rage wannan jinkiri ba? Ana iyawa. Akwai ƙasar da ta gwada haka a dukan ƙauyukanta, aka kuma ƙidaya abin da ya fito. Ƙasar nan ita ce Ruwanda. Ya kamata mu dubi labarinta da kyau kafin wani kwamitin ƙauye ya kashe kuɗinsa.

Mutanen da aka ba wayar

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka, ba ta ko kai jihar Kaduna girma ba. Ana yi mata kirari da ƙasar tuddai dubu, gama hawa da gangare ne ko'ina. Bayan kisan kiyashin da aka yi a 1994, asibitoci sun lalace, ma'aikata da yawa sun mutu ko sun gudu. A 1995 gwamnati ta fara shirin ma'aikatan lafiya na ƙauye. Sannu a hankali shirin ya yi ta girma, har ya kai lokacin da kowane ƙauye yake da mutum uku. Biyu daga cikinsu, namiji da mace, suna lura da ciwon yara, watau zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari. Ta ukun mace ce wadda aikinta kaɗai shi ne mata masu ciki da jarirai. Ƙauyuka kusan 15,000 ne, ma'aikatan kuwa a lokacin wajen 45,000. Mutanen ƙauye ne suke zaɓensu a taro, kuma tilas wanda aka zaɓa ya iya karatu da rubutu.

Tsofaffin masu karatunmu za su ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Gaskiyarsu. A shekarun 1970 shirin lafiya na karkara da ke Garkida yakan sa ƙauye ya kafa kwamiti, ya zaɓi namiji da mace, a koya musu aiki na wata uku, su komo gida suna koyar da jama'a ta hanyar ba da labarai. Taron Alma-Ata na 1978 ma abin da ya ƙarfafa ke nan, cewa lafiya ta fara daga inda mutane suke zaune. Mun faɗi wannan domin a lura da abu guda. A Ruwanda ba waya aka fara kawowa ba. Mutanen suna nan tun da daɗewa, an san su, sun san kowane gida. Wayar ta zo ta same su ne a kan aiki.

Yadda saƙon yake tafiya

Sunan shirin RapidSMS, watau saƙon tes mai sauri. Hukumar UNICEF, wadda ke kula da yara a Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ta ƙirƙiro shi, Ma'aikatar Lafiya ta Ruwanda kuma ta ɗauka. Ba ya bukatar babbar waya mai shafawa, ba ya bukatar intanet a hannun ma'aikaciya. Ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ake samu a kowace kasuwa, ta isa. Ma'aikaciya ba ta biyan kuɗin saƙo.

Ga yadda ake yi a wancan lokacin. Sa'ad da ma'aikaciya ta sami labarin wata tana da ciki, sai ta ziyarce ta, ta rubuta gajeren saƙo wanda ya fara da haruffa uku, PRE. Bayansu sai lambar katin shaidar matar, da ranar da ta ga jininta na ƙarshe, da waɗansu alamu kaɗan game da lafiyarta. Ta aika zuwa wata lamba ta musamman. Saƙon ya je ya shiga babbar kwamfuta ta ma'aikatar lafiya. Kwamfutar ta lissafa ranakun awon ciki da lokacin da ake sa ran haihuwa. In ranar awo ta yi kusa, sai ta aiko wa ma'aikaciya da tuni cewa ta je ta tuna wa wance. In haihuwa ta matso, haka. In an haihu, akwai saƙon da za a aika. In an yi rasuwa ma akwai nasa.

Mafi muhimmanci shi ne saƙon da ke farawa da RED, watau ja, alamar hatsari. Wannan na zubar jini ne, ko jijjiga, ko naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko mace ta suma. Da zarar ma'aikaciya ta aika shi, ba ya tsayawa a kwamfuta. Nan take yana fita zuwa wayar mai lura da asibitin da ya fi kusa, da ta direban motar ɗaukar marasa lafiya, da babban asibitin gunduma. Ita kuma ma'aikaciya ana maido mata da amsa a kan abin da za ta yi kafin taimako ya iso. Daga baya tilas ta sake aika wani saƙo ta faɗi yadda aka ƙare.

Mu duba abin da wannan ya canja. A da, mace mai ciki a bayan dutse, ba wanda ya san da ita a asibiti sai ranar da aka kawo ta a kan gadon kara, in an kawo ta. Yanzu sunanta yana rubuce tun cikin yana wata uku ko huɗu. In ba ta zo awo ba, akwai wanda zai sani. Rahoton da a da yake kwana talatin a cikin littafi kafin a kai shi ofis, yanzu yana isa kafin ma'aikaciya ta fita daga gidan.

Abin da aka ƙidaya a Musanze

An fara gwajin a gundumar Musanze, can arewacin ƙasar, wajen manyan duwatsu. An koyar da ma'aikata 432, aka ba kowa waya. Daga watan Mayu na 2010 zuwa Afrilu na 2011 sun aika saƙo 35,734. An bi mata masu ciki 11,502. Saƙon hatsari da aka aika 362 ne. Kafin gwajin, mata 72 cikin 100 ne suke haihuwa a asibiti a gundumar. A ƙarshen shekarar sun kai 92 cikin 100. Babbar wahalar da masu gwajin suka ambata ita ce gyaran wayoyi da sake waɗanda suka lalace ko suka ɓata.

Da gwamnati ta ga haka sai ta faɗaɗa shirin, har ya game dukan gundumomi 30 na ƙasar. Aka kuma ƙara masa aiki, ya zama ana bin yaro tun yana ciki har ya cika shekara biyu, watau kwana 1,000 na farkon ransa, tare da allurar rigakafi da awon nauyi.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce kowa ya je kasuwa ya sayi waya. Amma ba a nan ya tsaya ba.

Ƙidaya ta biyu

A 2018 aka buga wani bincike wanda ya dubi rahotannin asibitocin ƙasar duka na shekaru da dama, kafin shirin da bayansa. Abin da ya sa binciken ya yi amfani shi ne, gundumomin ba iri ɗaya aka yi musu ba. Guda 20 sun sami waya da shirin saƙo kawai. Guda 10 kuwa, ban da waya, an ƙara musu horo, an sa masu zagayawa suna duba aikin ma'aikata, an kuma kai kayan aiki asibitocinsu. Sakamakon ya fito sarai. Inda aka haɗa waya da wannan taimako, mata da yara sun ƙara zuwa asibiti. Inda waya ce kaɗai, ba a ga wani canjin kirki ba.

Wannan bai ba mu mamaki ba, ko da yake ya ba waɗansu. Saƙo yana tafiya cikin ƙiftawar ido, amma mace ba ta tafiya ta cikin waya. In saƙon hatsari ya isa, motar kuwa guda ɗaya ce a gunduma, ta tafi ɗauko wata, me saƙon ya ƙara? In motar ta zo ta kai ta, asibitin kuwa ba allurar tsai da jini, ba jinin ƙari, ba ungozoma a bakin aiki da dare, an kawar da jinkiri na biyu ne kawai aka bar na uku yana jira. Akwai kuma illa ta ɓoye. Ma'aikaciyar da ta aika saƙon hatsari sau biyu sau uku ba a zo ba, za ta daina aikawa. Mutanen ƙauyen ma za su daina kiranta. In amana ta zube ba a kwashe ta da sauƙi.

Har wa yau akwai wani lissafi da ya kamata a sa kusa da wannan. Binciken da ake yi gida gida a Ruwanda ya nuna cewa a shekarar 2000, cikin kowace haihuwa 100,000, mata 1,071 ne suke mutuwa. A 2005 sun zama 750. A 2010 sun zama 476. A 2015 kuma 210. Wannan babbar nasara ce, ba mai musu. Amma mu lura da shekarun. Fiye da rabin raguwar ya riga ya faru kafin a raba wayoyi a ƙasar. A cikin shekarun nan ne aka gina ƙananan asibitoci, aka kafa asusun taimakon juna na lafiya wanda iyali ke zuba kuɗi kaɗan a shekara domin a rage musu kuɗin magani, aka horar da ungozomomi. Waya ta zo ta ɗora a kan ginin da aka riga aka yi. Wanda ya ce ita ce ta yi ginin, ya yi mata yabon da ba nata ba.

Ba Ruwanda kaɗai ba

Akwai ƙaramin misali daga ƙasar Malawi wanda ya fi kusa da ƙarfin irin asibitocinmu. Asibitin mishan na St Gabriel a Namitete yana hidima ga mutane wajen 250,000, yana da masu aikin sa kai a ƙauyuka, waɗansu sai sun yi tafiyar mil da yawa a ƙasa ko a keke kafin su kai rahoto. A 2008 wani ɗalibi daga Amurka, Josh Nesbit, ya kawo wayoyi da kwamfuta guda ɗaya. Masu aikin sa kai 75 suka fara aika saƙo maimakon tafiya. Cikin wata shida asibitin ya lissafa cewa an tanadi sa'o'in aiki fiye da 2,000, an tanadi kuɗin mai na wajen dala 3,000, an kuma ninka yawan masu tarin fuka da ake lura da su. Me ya sa ya yi aiki? Domin akwai ma'aikaci a asibitin wanda yake karanta saƙon, yana kuma da babur da zai hau ya je.

Inda aka manta da wannan, abin yakan zama wasa. A ƙasar Yuganda ƙungiyoyi suka yi ta kawo gwaje-gwajen waya barkatai, kowace da nata tsari, ba wanda ke jituwa da na wani, kuɗi na ƙarewa kuma sai a watse. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta dakatar da sababbin gwaje-gwaje har sai an daidaita su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta a kan irin waɗannan na'urori. Ta yarda suna da amfani, amma ta yi gargaɗi cewa ba za su maye gurbin asibiti mai aiki da ma'aikata masu horo ba.

To, mu fa?

Shirin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A 2009 an yi amfani da RapidSMS a jihar Kano wajen bin diddigin rabon gidan sauro, daga 2011 kuma aka yi amfani da shi wajen tattara rahoton rajistar haihuwa a Nijeriya. A 2009 ɗin nan ne jihar Ondo, a zamanin Gwamna Olusegun Mimiko, ta fara shirin Abiye a ƙaramar hukumar Ifedore. An ba mata masu ciki wayoyi, aka danƙa mata 25 a hannun kowane ma'aikaci, aka kuma tanadi ababen hawa da asibitin da za a kai su. Su ma ba waya kaɗai suka raba ba. A jihohi kamar Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara kuma an taɓa shirya wa direbobin ƙungiyar tasha horo, domin in an kira su su ɗauki mace mai naƙuda ba tare da tsawwala kuɗi ba.

Bukatarmu ta fi ta Ruwanda girma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne suke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, a arewa maso yamma kuwa matan da suke haihuwa a asibiti ba su kai 2 cikin 10 ba. Kwamitin ƙauye ba shi da babbar kwamfuta, ba zai kuma iya kafa shiri irin na gwamnati ba. Amma abin da ya fi amfani a shirin Ruwanda, watau sanin kowace mai ciki tun da wuri, da kiran taimako cikin sauri, ana iya yinsa da littafi guda da waya guda.

Sai dai a fara daga ƙarshen hanya, a komo baya. Tambaya ta fari ba ita ce wace waya za mu saya ba. Tambayar ita ce, wa zai ɗauka in an kira da ƙarfe biyu na dare? Shugaban kwamiti da ma'aikaciyar lafiya su je asibitin da ya fi kusa da ƙafarsu, su gaisa da mai lura da shi, su ce, “Malama, in mun sami matsala da dare, lambar wa za mu kira, ina kuma za mu kai mace in abin ya fi ƙarfin nan?” Su karɓi lamba biyu, ba ɗaya ba, gama ma'aikata suna tafiya hutu, ana kuma yi musu canjin wurin aiki. Su tambaya ko ana ƙarin jini a wurin, ko ana yin aiki in haihuwa ta gagara. Gara a san wannan da rana tsaka da a gano shi da dare da mace a bayan mota.

Bayan haka sai maganar abin hawa. A sami direba biyu ko uku a ƙauyen ko kusa da shi, a yi magana da su a gaban mai gari, a yanke kuɗin tafiya tun yanzu, na rana da na dare, na rani da na damina. Mun sha ganin ana ciniki a ƙofar gida mace tana ciki tana zubar da jini. Asusu kaɗan na kuɗin mai, wanda ake zubawa da kaka sa'ad da hatsi yake hannu, yana kashe wannan ciniki. Iyalin da aka taimaka su biya daga baya.

Jinkiri na fari kuwa, wanda ake yi a cikin gida, shi ne wanda waya take iya ragewa ƙwarai, in an shirya. Sau da yawa maigida yana kasuwa ko ya tafi cin rani, ba kuwa mai ikon cewa a tafi. Yanzu ana iya kiransa. Amma abin da ya fi kira shi ne ma'aikaciya ta zauna da shi da mahaifiyarsa tun cikin yana ƙarami, ya ba da izini a gaban shaida cewa in an ga jini, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce yini guda ko dare guda, a tafi ko yana nan ko ba ya nan. Gama ranar da ake bukatarsa, ita ce ranar da wayarsa za ta kasance a kashe.

Sa'an nan ne za a zo kan wayar kanta. Mun fi son ƙarama mai maɓallai, domin cajinta yana kwana da yawa, ba ta kuma jan idon ɓarawo ko na samarin gida masu son kallo. Ta kwamiti ce, ba ta mijin ma'aikaciya ba ce, a faɗi wannan a taro kowa ya ji. A sa kuɗin kati da na caji cikin lissafin wata, in da hali a sayi ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana. A ajiye wani abu domin ranar da za ta faɗa cikin ruwa, tun da yake mun ga cewa ko a Musanze wannan ne ya fi damunsu. In sabis ba ya kamawa sai a kan tudu ko a gindin wata bishiya, a san wurin, a kuma san wanda zai raka ma'aikaciya can da dare. Saƙon tes yakan fita inda kira ya kāsa, amma ba ya tashin mai barci. A aika saƙo, a kuma yi ta kira.

Akwai maganar asiri. Mata da yawa ba sa son a san suna da ciki sai ya fito, musamman cikin fari. Littafin masu ciki da saƙonnin da ke cikin waya ba abin da za a bar yara su yi wasa da shi ba ne, ba kuma abin hira ba ne a bakin rijiya. In magana ɗaya ta fita, sauran mata za su ɓoye nasu, littafin ya zama fanko. Waɗansu ma'aikata suna ba kowace mace lamba maimakon suna a cikin saƙo. Wannan dabara ce mai kyau.

In an gama shiri, a gwada shi kafin ranar bukata. A zaɓi wani dare, a sanar da asibiti da direbobi cewa gwaji za a yi cikin makon amma kada a faɗa musu ranar. Ma'aikaciya ta kira, wani ya riƙe agogo. A rubuta minti nawa aka yi kafin a ɗauki waya, minti nawa kafin mota ta iso, minti nawa zuwa ƙofar asibiti. A tara su, a gwada da sa'a biyu ɗin nan. A sake yin gwajin a watan Agusta, sa'ad da rafi ya cika.